Inda Ya Ɗiga Ba Nan Ya Fito Ba: Darasi Kan Gano Yoyon Baƙin Mai a Injin Mota

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda yake bin motocin haya na hanyar Anka zuwa Gummi in an yi hutu ya san wannan hoton: Golf ce wagon, an danna mata kaya har but ba ya rufuwa, direba kuma yana da wani tsohon galan a ƙarƙashin kujerarsa. Da an tsaya sauke fasinja sai ya buɗe bonet, ya zaro geji, ya girgiza kai, ya tuttula mai. In ka tambaye shi sai ya ce, “Motar ce tana ɗan shan mai.” Shi ke nan, an wuce wurin. Amma mu da muke zaune a baya mun san abin da ke ranmu: kada Allah ya sa injin nan ya buga a tsakiyar daji bayan la'asar. A wannan hanya tsayuwar mota ba maganar ɓata lokaci kaɗai ba ce, kuma ba sai na yi wa ɗan Bukkuyum ko ɗan Gummi bayani ba.

Wata huɗun SIWES da ake tura mu bayan kammala ND I, ni a wani gareji na yi su a garinmu, Nasarawa Burkullu. Abin da na fi amfana da shi a can shi ne yadda ake bin sawun yoyon mai har a kai ga tushensa. Na ga ya dace in rubuta shi saboda ƙannenmu na sashen kanikanci da za su fita bana, da ma duk ɗalibin da ke jan motar gidansu ko yake shiga ta haya.

Lissafin ɗigo

Mu fara da lissafi, tunda mu 'yan makaranta ne. A ɗakin gwaji ana ƙiyasta ɗigo 20 a matsayin mililita ɗaya. To a ce inji yana zubar da ɗigo ɗaya duk daƙiƙa 5 idan yana aiki. A minti ɗaya ɗigo 12 ke nan, a awa ɗaya 720, wato mililita 36. Direban haya da injinsa ke aiki awa 8 a rana ya yi asarar kusan mililita 290. Kafin kwana huɗu su cika, fiye da lita ɗaya ta tafi ƙasa. Mafi yawan ƙananan motocin da muke gani suna cin wajen lita 4 ne a juye, kuma tazarar da ke tsakanin alamar sama da ta ƙasa a jikin geji kusan lita ɗaya ce. Ke nan ɗigon da ido ke rainawa yana iya sauko da mai daga cike zuwa layin ƙasa cikin kwana huɗu. In aka ƙara mako guda ba a duba ba, famfon mai zai fara zuƙo iska a kwana ko a gangare, metal su rasa abin da ke raba su da karanshaf, sai ka ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa.

Kada wani ya ce ai fitilar mai za ta nuna. Jar fitilar nan mai hoton buta ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take aunawa. A yawancin motoci sai turin ya faɗi ƙasa da rabin bar ɗaya take kamawa, alhali littafin Volkswagen na irin injin Golf 3 yana neman aƙalla bar 2 a juyi 2,000 idan mai ya yi zafi. Duk lokacin da ta kama kana tafe, mai yiwuwa ɓarna ta riga ta fara. A kashe inji nan take.

Tukuna ma, baƙin mai ne?

Kuskuren farko da na yi a gareji shi ne ɗaukar duk wani baƙin tabo a ƙasa a matsayin man inji. A garinmu ƙura kan mayar da kowane ruwa baƙi da zarar ya bi jikin ƙarfe. Saboda haka sai an taɓa, an murza, an sansana. A sami farin kwali a tara, ɗigon ya sauka a kansa ba a kan ƙasa ba.

Man inji sabo ruwan zuma ne, tsoho kuma baƙi, da santsi da ɗan warin ƙauri. Man giya na mota mai kuloci ya fi kauri, kuma warinsa na farar wuta ba ya ɓuya, wanda ya taɓa jinsa sau ɗaya ba zai manta ba. Man giyar otomatik ja ne in bai tsufa ba, kuma motoci da yawa irinsa ko mai kama da shi ake zuba wa sitiyari. Man birki ba shi da kauri, yana cin fenti, in ka zuba masa ruwa yana narkewa ya bi ruwan, abin da man inji ba ya yi. Shi wannan in shi ne, motar ba ta sake motsawa sai an gyara. Ruwan lagireto kuwa, da yake mutanenmu ruwan rijiya suke zubawa, yakan fito da launin tsatsa. In kuma ruwa ne garau a ƙasan wajen kujerar fasinja bayan an kunna AC, wannan ba ciwo ba ne.

Sai tambaya ta biyu: man da ke raguwa, zuba yake yi ko ƙonewa? In ƙasan mota a bushe yake amma geji na sauka, a duba bakin salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin mai na shiga ɗakin wuta. In da safe ne kawai yake fita sannan ya ɗauke, an fi zargin robobin bawul. In kuma yana ƙaruwa da an taka totur a hawa, ringi ne suka gaji. Akwai hanya ta uku da mai ke ɓacewa: ya haɗu da ruwa. A duba bakin geji da cikin lagireto, bayan inji ya huce ba da zafinsa ba. In man ya koma kamar shayi da madara, ko ana ganin maiƙo yana yawo a kan ruwa, magana ta koma kan gasket ɗin tof silinda ko na'urar sanyaya mai. Wannan wani darasi ne daban. Namu na yau shi ne man da ke fita waje.

Golf ɗin da aka kusa sauke wa giya

Wata ranar kasuwa wani direba ya shigo da Golf 3 mai injin fetur 1.8. Ya ce kwana uku lita ɗaya, kuma an riga an duba masa a wani wuri an ce sil ɗin baya ne, na karanshaf, wanda ke tsakanin inji da giya. Har ya sayo sil ɗin daga Gusau, yana cikin aljihunsa. Aikin ba ƙarami ba ne: sai an cire shaf biyu, an sauke giya, an kwance kuloci, wuni guda cur, shi kuma ranar ce ranar samunsa.

Oga ya ce in shiga rami in gani. Na shiga da tocila, na ga mai yana taruwa daidai mahaɗar inji da giya, yana ɗiga daga ƙasan kwanon kuloci. Na fito da ƙarfin gwiwa na ce, “Oga, gaskiya ne, sil ɗin baya ne.” Ya dube ni ya yi murmushi. Injiniya yake ce mini, rabi girmamawa rabi tsokana. “Injiniya, can makaranta mi aka koya muku, mai gangara shikai ko hawa?” Na ce gangara. Ya ce, “To kai ka ga inda yat tsaya, ba ka ga inda yah hito ba. Duba sama.”

Da na haska saman kwanon kuloci ta cikin bonet, sai na ga shi ma jiƙe yake sharkaf, ƙura ta kama ta zama laka. Nan ne hujjar take, kuma ina so ku bi ta a hankali. Sil ɗin baya a cikin kwanon yake. In shi ke yoyo, man zai fito ta ƙasa, amma bayan kwanon ta sama zai kasance a bushe, domin mai ba ya ratsa ƙarfe ya hau sama. Tunda saman a jiƙe yake, dole akwai wani abu da ya fi shi tudu da ke zubo masa. Wannan bai wanke sil ɗin ba tukuna, yana iya yiwuwa su biyu ne ke yoyo, amma ya isa ya hana mu kama sifana.

Ka'idar ita ce: mai yana bin abu biyu, nauyinsa da ke jan sa ƙasa, da iskar tafiya da ta fanka da ke tura shi baya. Saboda haka a nemi wuri mafi tudu kuma mafi gaba da yake a jiƙe. Duk abin da ke ƙasa da shi ko bayansa, wanda ake tuhuma ne kawai, ba a kama shi da laifi ba. Kaskon mai na ƙasa, wanda wasu ke kira samf wasu botom filet, shi ya fi kowa shan ƙazafi, domin duk man da ya zubo daga ko'ina a gefensa yake taruwa. Gasket nawa aka canza masa a banza, Allah kaɗai ya sani.

Wanki kafin hukunci

Injin da ya shekara yana naso ba ya nuna komai, ko'ina baƙi ne. Sai an wanke. Muka bar injin ya huce, muka ɗaure leda a kan distiributa da altaneta da bakin shan iska, muka goge da kananzir da buroshi, muka bi da ruwan Omo, muka ɗauraye, muka bar shi a rana. Na san da yawa fetur suke wanki da shi don ya fi saurin bushewa. Ni dai ba na ba da wannan shawara: tururinsa kan kwanta a cikin rami, tartsatsi ɗaya daga kan batir ko guntun sigari ya isa. Ga tsadarsa kuma yanzu.

Bayan ya bushe, Oga ya aiki yaro ya sayo farar hoda ta jarirai a shago. Muka barbaɗa ta a ƙarshen tof silinda ta wajen giya, da gefen marfin bawul, da kewayen filta, har wurin ya yi fari. Dakakken alli ma yana yi. A manyan garejoji akwai wani rini da ake zubawa cikin mai, a bar inji ya yi aiki, sannan a haska da fitila mai hasken UV, sai hanyar man ta yi ƙyalli kore-kore. Dabara ɗaya ce da ta hoda: a sa sabon mai ya bambanta da tsohon datti.

Aka tayar da inji. Minti biyar yana salo, ba komai. Oga ya ce direba ya riƙe totur wajen juyi 2,500. Ba a yi minti biyu ba sai ga wani baƙin zare ya keto farar hodar, daga jikin suwic ɗin mai da ke ɗaure a ƙarshen tof silinda. Irin wannan injin suwic biyu gare shi: ɗaya a kan silinda na ƙaramin turi, ɗaya a kan mazaunin filta wanda ke sa ƙararrawa ta yi kuka in turi ya gaza bayan juyi 2,000. Na saman ne ya tsage a inda roba ta haɗu da ƙarfe. Da muka zare wayarsa, soket ɗin cike yake da mai. Daga nan man ke gangarawa kan kwanon kuloci. Abin da ya ƙara rikita masu dubawa na farko, a saman kwanon giyar Golf akwai wata ƙofa da ake leƙa alamar taimin, tana da toshiyar roba, ta wannan motar ta ɓace tuntuni. Wani man yana bin bayan kwanon, wani yana faɗawa ciki ta ƙofar ya fito ta ƙasa, sak yoyon sil ɗin baya.

Suwic ɗin bai kai kuɗin galan ɗaya na mai ba. Minti goma aka ɗaura wani, aka toshe ƙofar, aka sake wankewa, aka sake barbaɗa hoda har ƙasan kwanon. Direba ya yi lodi ya tafi.

Yaushe yake zuba?

Bayan tambayar “daga ina”, tambayar da ta fi taimako ita ce “yaushe”. Ita ke raba wuraren yoyo gida-gida tun kafin a ɗaga bonet.

In mota tana ajiye kwana biyu ba a tayar ba amma ɗigo bai tsaya ba, to ramin yana ƙasa da inda mai ke kwanciya. Wurare kaɗan ne a nan: notin juye da washarsa, ko tsaga a jikin kaskon kansa. A hanyoyinmu na ƙauye, inda mota ke dukan dutse da kututture da cikinta, wannan ba baƙon abu ba ne, kuma kaskon alminiyam tsagewa yake yi inda na ƙarfe zai lotsa kawai. Washar notin juye kuwa ta jan ƙarfe ko alminiyam an yi ta ne don ta matse sau ɗaya. Mu kan mayar da ita sau goma, in ta fara naso a ƙara ɗaurewa, har zaren kaskon ya cinye, daga nan a koma naɗa zare da leda. Ƙarfin da littafi ya ba notin juye na Golf Nm 30 ne, bai kai yadda yaran gareji ke taka sifana da ƙafa ba.

Sai dai a yi hattara da ɗigon da ke sauka bayan an kashe mota. Sau da yawa ragowar man da ya zuba ne lokacin tafiya yake tsiyayewa. Dabarar ita ce kwali biyu: a sa na farko da an tsaya, a cire shi bayan awa biyu, a sa sabo ya kwana. In na biyun ya wayi gari da tsabta, yoyon na lokacin aiki ne. A kuma yi wa kwalin alamar inda tayoyin gaba suke, don a san ta wane ɓangare ɗigon ya sauko.

In kuma sai inji na aiki yake zuba, kuma yana ƙaruwa da totur, a nemi wuraren da mai ke bi da turi: suwic, filta, mazaunin filta, na'urar sanyaya mai in akwai. Yoyon da ya fara washegarin juye kusan kullum filta ce ko notin juye. Wani lokaci robar tsohuwar filta kan manne a jikin inji, a ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu ke nan, kuma irin wannan na iya fashewa ya zubar da man duka cikin 'yan mintuna. Filta da hannu ake ɗaure ta: a shafa wa robar mai, in ta taɓa mazauni a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na juyi. Jabun filta ma sun cika kasuwa, wasu tun daga dunƙulin bakinsu suke naso.

Kashi na uku su ne masu jiƙewa da fantsama da tururi: gasket ɗin marfin bawul, gasket ɗin kasko, da sil-sil na shaf. Marfin bawul shi ne na farko da za a duba domin shi ne a sama, kuma zafin garinmu na watan Afrilu yana busar da robarsa ta yi tauri kamar busasshiyar fata. Alamarsa warin ƙonannen mai a cikin mota, saboda yana ɗiga kan bututun salansa mai zafi, kuma wannan na iya tayar da gobara. A injinan da fulogi ke shiga ta tsakiyar marfin, mai kan cika ramin fulogi har mota ta fara tsallen wuta. Sil na gaba, na karanshaf da na kamshaf, suna ɓoye a bayan murfin taimin. In ka ga mai na fitowa ta ƙasan murfin ko fuli yana watsa shi a da'ira, a buɗe. Mai yana cin robar bel ɗin taimin, kuma a injina da yawa in bel ya tsinke fistin kan daki bawul.

Kowace mota kuma da inda aka san ta da shi. Corolla mai injin 1ZZ, irin ta 2003 zuwa 2008 da ta cika gari, takan yi naso ta zoben roba na abin da ke ɗame sarƙar taimin, a bayan inji, sai a ɗauka murfin taimin ne gaba ɗaya. Tsofaffin Honda masu distiributa, zoben robar distiributar da gasket ɗin solonoyid na VTEC ne ke zubo mai kan giya, su ma a ɗora wa sil ɗin baya laifi. Sanin irin wannan yana rage wahala, amma ba ya maye gurbin wanki da hoda. Wanda ya canza abu don kawai “an san su da shi”, caca ya yi da kuɗin mai mota.

In ko'ina yana naso

Akwai motar da za ka canza mata gasket yau, bayan mako biyu wani wuri ya ɓalle, ka toshe nan, can ya buɗe. Irin wannan ba gasket ne ciwonta ba, numfashi ne. Duk inji, ko sabo ne, wani kaso na iskar wuta yana kuɓucewa ta gefen ringi ya sauka cikin kasko. Dole a ba shi hanyar fita. Motocin da can bututu kawai ake sakar musu ya huro ƙasa. Daga motocin shekarar 1961 a jihar Kalifoniya ta Amurka aka fara sa tsarin da ke mayar da wannan tururi cikin inji ya ƙone, wanda ake kira PCV, daga baya ya zama ruwan dare. In bawul ɗin ko tiyonsa ya toshe, iskar ba ta da mafita, sai ta tura mai ta duk inda ya fi rauni. Ƙurar hunturu, da man da ake sayarwa a kwalba bakin hanya, da jinkirin juye, su ke haɗuwa su zama kwalta a cikin tiyon. Na taɓa ganin wanda aka toshe da katako da gangan wai don yana jiƙa filtar iska.

Gwajin ba wuya. Inji na salo, a buɗe marfin zuba mai a ɗora tafin hannu ko takarda a bakin. Ɗan bugun iska kaɗan ba laifi. In yana huro hayaƙi kamar bakin tukunya, ko geji na tashi da kansa daga mazauninsa, akwai turi a ciki. A fara da wanke tiyo da canza bawul. In an yi haka bai daina ba, ringi ne, sai a auna kwamfureshan. Haka nan cika mai ya wuce layin sama, wanda wasu direbobi ke yi wai don ajiya, yana sa karanshaf ya riƙa dukan man ya yi kumfa, ya ƙara matsa wa sil.

Gam da kauri

Abu biyu nake so in yi ƙorafi a kansu. Na farko gam. An mayar da silikon maganin kowace cuta, ana shafa shi kamar man shanu a kan burodi. Wanda ya matso waje kana gani, to irinsa ya matso ciki, kuma in ya gutsure rariyar famfon mai yake tafiya ya toshe. Inda masu ƙera injin suka ce a sa gam, siririn zare ake ja a kan ƙarfe mai tsabta, busasshe. Inda suka sa gasket ɗin roba, ɗan ɗigo a kusurwa ya isa. Notocin marfin bawul kuma wajen Nm 10 ne kacal, ana ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe. Wuce haka lanƙwasa marfin yake yi, yoyo ya ƙaru.

Na biyu, zuba mai mai kauri ko maganin toshe yoyo na gwangwani. Yana iya rage naso na ɗan lokaci a tsohon sil, amma ba ya ɗinke tsaga, ba ya gyara suwic, kuma injinan zamani masu ƙananan hanyoyin mai ba sa son kaurin da ya wuce abin da littafinsu ya ce. Ba kowane naso ne kuma ke bukatar a kwance inji ba. In wuri ya yi duhu kawai, ba ya ɗiga, geji ba ya sauka tsakanin juye da juye, a sa masa ido. Wanda ba a jira da shi shi ne mai ɗiga kan salansa, ko kan bel, ko mai fita da turi.

Wajen aikin kansa, kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle a kan yashi. A naɗe hannun riga, a cire hula da carbi daga kusa da bel in inji na aiki, a kuma tuna fankar lantarki kan tashi da kanta. Tsohon man da aka juye a tara shi a jarka. Kada a zubar kusa da rijiya ko inda yara ke wasa, kada kuma a shafa wa miki ko ƙurajen dabba kamar yadda wasu ke yi, domin yana ɗauke da burbushin ƙarfe da ragowar ƙuna, littattafan motoci ma suna gargaɗi kan yawan taɓa shi da fata. Mu mutanen Bukkuyum da Anka mun ga abin da guba a cikin ƙasar tsakar gida ta yi a 2010, lokacin da dalmar dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta da Bagega. Ba abu ɗaya ba ne da baƙin mai, amma ƙasar da yaro ke rarrafe a kai ɗaya ce.

Ga waɗanda za su rubuta irin wannan aiki a littafin SIWES, kada ku tsaya a “an gyara yoyon mai”. Ku rubuta irin ruwan da kuka gani da yadda kuka tabbatar, matsayin geji da lambar kilomita, ko yana zuba a tsaye ko sai inji na aiki, wuri mafi tudu da ya jiƙe bayan wanki, abin da kuka canza, da abin da kuka gani da motar ta dawo. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa. Direban Golf ɗin nan ya dawo bayan kwana biyar kamar yadda Oga ya ce masa. Muka ajiye ta a wuri mai daidai, muka jira minti goma mai ya sauka, na zaro geji: yana nan inda muka bar shi. Na shiga rami, hodar ƙasan kwanon kuloci ta yi ja da ƙura amma a bushe take. Sil ɗin da ya sayo daga Gusau, Oga ya ce ya adana shi cikin ledarsa a inuwa, ranar da za a canza kuloci sai a ɗaura shi gaba ɗaya tunda giya na ƙasa.